Shekara biyar yaro yana riƙe ƙarfe bai san milimita ba: laifin wa?



Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Gidan Rumji ya ratsa Maradi, ya wuce Cadawa da Agye har Gazawa, ba sai an nuna mashi wurin masu walda ba. Ƙarar faifai a kan ƙarfe ita za ta sanar da shi tun daga nesa. Kowane gari akwai rumfar kwano a bakin kwalta, ga ƙofofi da tagogi jingine da bango, ga gadon ƙarfe, ga amalanke an kifar ana gyara. Kowace rumfa kuma akwai yara, wani wurin uku, wani wurin biyar, wani wurin har goma. Su ne muke kira aparanti. Maganata ta yau a kansu take, musamman sabon shiga, wanda ubanshi ya kamo hannunshi ya kai wa maigida ya ce: "Ga amana nan, Allah ya sa ya koyi abin da zai ci abinci."

Abin da nake son mu yarda da shi a nan shi ne yaron nan ɗalibi ne, daidai da ni da ku da muka zauna a kan benci a lakwal. Bambancin kawai, karatunshi ba shi da ranar gamawa, ba shi da tsarin abin da za a koya mashi bana da baɗi, babu mai zuwa ya duba, kuma ran da ya fita babu takardar da za ta shaide shi. Abin da wannan ya haifar muna ganin shi da idonmu. Masu liƙa ƙarfe sun cika gari, amma masu iya auna ƙarfe su fiƙe shi daidai, ka ƙirga su da yatsun hannu.

Mu fara da yadda shekarun farko suke tafiya, don wasu daga cikinmu sai dai su ga yaran daga kan babur. Sabon aparanti aikinshi shara, ɗebo ruwa, sawo bageti, kai wa uwargida cefane, da riƙe ƙarfe lokacin da babba yake walda. In an ce "riƙe nan", ya riƙe, ya kau da kai ko ya runtse ido. Bayan shekara ɗaya ko biyu a ba shi goge tsatsa da shafa fenti. Daga baya a bar shi ya yanka. Ranar da zai kama abin walda da hannunshi, sau da yawa ranar da maigida ya tafi kasuwa ce, ya sato lokaci ya gwada a kan guntayen ƙarfe. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce bageti mai kaurin milimita 2.5 yana son wuta tsakanin amfiya 70 zuwa 100, mai 3.2 kuma ya fi haka, in ka rage ya manne, in ka ƙara ya huda kwanon. Da kunne da ido yake koyo. Mai kaifin kai ya tsinta, wanda ba shi da shi ya shekara bakwai yana riƙe ƙarfe, da la'asar a ba shi dala ashirin ko hamsin ya sha fura.

Kada wani ya ɗauka zagin iyayen gida na zo yi. Wallahi mutanen nan suna ɗauke da nauyin da ya kamata ƙasa ta ɗauka. Su ne babbar makarantar sana'a a Nijar, ba tare da albashi ko sisin kowa ba. Maigida yana ciyar da yaran da bai haifa ba, wani har ya ba su wurin kwana. Shi ma haka aka koya mashi, kuma mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Tsarin ma yana da asali mai daraja. A maƙerar gargajiya, yaro yana farawa ne da zuga-zugi, ya koyi launin wuta, sannan ya kama awartaki, sannan masaba, a gaban uwar maƙera da ubanshi ya gada. Amma can ɗan gida ne, ya san ƙirar tashi ce, kuma hauya da lauje da gatari ido yana iya auna su. Yau aikin ƙarfe ya canza. Inji ba ya karɓar "kusan haka".

Bari in ba ku misali da kowa ya sani. Injin niƙan unguwa ya tsaya, an buɗe an ga sandar da ke juyawa ta cinye a inda boris yake zama, abin da wasu ke kira rulma. In boris ɗin mai lamba 6205 ne, ramin cikinshi milimita 25 ne, bayanshi 52. In 6204 ne, ramin 20 ne. Ƙa'idar mai sauƙi ce: daga 04 zuwa sama, ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau biyar, ka samu faɗin ramin. Sandar dole ta shiga ramin nan cif, kuskuren da ake yafewa bai kai kaurin gashin kai ba. Abin da ake yawan yi a ƙauye shi ne a tara walda a wurin da ya cinye, a gurza da faifai har boris ya shiga da guduma. Injin zai tashi, mai niƙa ya yi murna. Bayan sati biyu boris ya yi zafi ya fashe, bel ya tsinke, a koma gidan jiya. Gyaran gaskiya shi ne a ɗora sandar a kan injin tur, wanda ke juya ƙarfe ana fiƙe shi da ruwan wuƙa, a rinƙa aunawa da piye-a-kulis, ma'aunin nan mai baki biyu da ke karanta kashi ɗaya cikin goma na milimita, wani ma har kashi ɗaya cikin hamsin.

To yara nawa ne a rumfunan Gazawa ko Gidan Sori suka taɓa riƙe wannan ma'auni? Nawa ne suka san inci ɗaya milimita 25.4 ne, alhali muna zaune a bakin iyaka, kaya na shigo mana wasu da awon inci wasu da na milimita? Nawa ne suka san in za a yanka zaren kusa mai lamba M10, ramin da za a fara hudawa 8.5 ne? Wannan ba ilimin jami'a ba ne fa. Yaron da ya iya canjin naira da sefa a ka, ya iya lissafin tiya da buhu, zai iya wannan cikin wata uku in an zaunar da shi. Ba a zaunar da shi ba ne kawai.

Rashin wannan ilimi kuɗi yake ci mana kullum. Ƙasarmu ta noma ce. Agye da Cadawa da Gazawa an san su da aya da gyaɗa da wake da riɗi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haƙar aya, a tone ƙasa a tankaɗe da rariya cikin ƙura, mata da yara tun safe har faɗuwar rana, ya san akwai aikin da inji ya kamata ya rage. A fadamar Gulbin Maradi, wajen Tibiri da Gidan Rumji, noman rani ya dogara ne da injin ban ruwa. Ga injin sussuka, ga na ɓarzar gyaɗa, ga na matse mai, ga famfon burtsatse, ga babura da adaidaita. Duk waɗannan ƙarfe ne mai juyawa, kuma duk abin da ke juyawa yana cinyewa. In ƙaramin abu ya lalace sai a ɗauke shi zuwa Maradi. In ba a dace ba a tsallaka Jibiya zuwa Katsina, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin ya dawo, tumatir ya bushe, mata sun koma turmi. Ran da aka rufe iyaka bayan 26 ga Yulin 2023, wata da watanni, kowa ya ji a jikinshi abin da ake nufi da dogaro da kasuwar wani don kusa ɗaya.

Ga kuma manyan ayyuka suna wucewa ta ƙofar gidanmu. Bututun man fetur daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2000, ya ratsa jihar Maradi, kuma gaɓa-gaɓa aka haɗa shi da walda. Layin dogo daga Kano zuwa Maradi, kilomita 284, an aza tubalinshi a watan Fabrairun 2021. Matatar SORAZ tana aiki a Damagaram tun 2011. A irin waɗannan wurare ba a tambayar shekara nawa ka yi a rumfa. Gwaji ake yi maka, a duba cikin waldarka da na'ura, a nemi takarda. Yaronmu mai shekara takwas a sana'a, in ya samu shiga, lebura zai zama, ya koma riƙe wa baƙo ƙarfe kamar ranar farko. Muna ta maganar 'yancin kai da dogaro da kai, kuma magana ce mai kyau. Amma ƙasar da ba ta iya fiƙe sandar injin niƙanta ba, 'yancinta da saura.

Sai maganar jikin yaron, wadda ita ta fi ci mani rai. Hasken walda yana ƙona fatar ido kamar yadda wuta ke ƙona hannu. Ciwon ba ya zuwa nan take. Sai cikin dare, bayan awa shida ko fiye, yaro ya farka kamar an zuba mashi rairayi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon fitila. Da safe a ce ai haka kowa ya fara, ido zai saba. Ido ba ya sabawa, 'yan uwa. Baƙin tabarau na kasuwa da kuke gani a fuskarsu ba ya tare wannan haske, gilashin walda na gaskiya mai lamba 10 zuwa 13 shi ke tarewa. Kuma mai riƙe ƙarfe, wato ƙaramin cikinsu, shi ne ya fi kowa kusa da wutar, shi ne kuma ba a ba komai. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne. A 2017 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Walda a kan ƙarfe mai farin shafi, irin bututun ruwa, tana sa zazzaɓi da dare, a ɗauka masassarar sauro ce. Ga faifai da ake cire wa murfi, in ya fashe ya tafi kamar harsashi. Ga tankin mai da ake liƙewa ba a wanke ba. Ga injin walda na haɗin gida, wayoyi a fili, yaro da silifa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da damina. Da a lakwal ne yara ke makancewa haka ɗaya bayan ɗaya, da tuni mun cika tituna da zanga-zanga. Da yake ɗiyan talakawa ne a rumfar kwano, shiru kake ji.

Abin mamaki, doka ba ta yi shiru ba. Dokar aiki ta Nijar ta 25 ga Satumban 2012 ta hana a sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, ko da sunan koyon sana'a ne. Ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta. Ma'aikatu ma akwai su. Akwai FAFPA, asusun tallafa wa horon sana'a, wanda tushen kuɗinshi harajin koyon sana'a ne da kamfanoni ke biya. Akwai CMANI, majalisar masu sana'ar hannu. Akwai cibiyoyin CFM da aka ƙudurta kowace ƙaramar hukuma ta samu, akwai kwalejojin fasaha na CET a gundumomi. A Maradi ga Lise Teknik Ɗan Kasawa, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Tun da can ma ƙasar nan ta san muhimmancin abin, shi ya sa aka kafa masana'antun kayan noma irin su ACREMA a Tawa, C/DARMA a Doso da UCOMA a Damagaram. Matsalar ita ce makarantun suna gefe guda, rumfuna suna gefe guda, kamar ba ƙarfe ɗaya suke bugu ba. Mai makaranta yana da allo da takarda, sau da yawa ba shi da aikin kasuwa da zai gwada hannu. Mai rumfa yana da aiki har ya yi mashi yawa, ba shi da allo. Yaran da ke rumfa kuwa sun ninka na aji nesa ba kusa ba.

Wasu sun riga mu haɗa biyun, kuma ba sai mun je nesa ba. A Benin maƙwabciyarmu, tun wajen 2005 aparanti yana zama wurin maigidanshi, ya je cibiya wasu ranaku, a ƙarshe ya zauna jarrabawa ya karɓi takardar CQP da gwamnati ta yarda da ita. A Kumasi ta Gana akwai Suame Magazin, unguwa guda ta makanikai da maƙera, inda Hausawa da yawa ke neman abinci. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta garin ta buɗe ɗakin injuna a tsakiyar unguwar, ta kai tur da sauran kayan awo inda masu sana'ar suke, ta koya masu, har suka fara sayen nasu suna ƙera injunan sarrafa amfanin gona. A Kaduna ga Panteka, wadda duk Bahaushe mai harkar ƙarfe ya san sunanta. A Jamus kuwa, inda ake yawan buga misali da su, mai koyon aikin inji yana yin shekara uku da rabi da yarjejeniya a rubuce, ana biyan shi kowane wata, yana zuwa makaranta kwana ɗaya ko biyu a mako. Ba kuɗin Jamus nake cewa muna da su ba. Tsarin nake nunawa, kuma tsari ba a saye da dala.

Na san abin da iyayen gida za su ce, don na zauna da su mun sha shayi a kan wannan magana. Ɗaya ya ce mani: "Ɗana, kai ba ka san yaran yanzu ba. Ka koya mashi yau, gobe ya buɗe rumfa a gabanka ya karya farashi. Kuma ƙarfen da zai ɓata wajen koyo, wa zai biya?" Gaskiya ya faɗa, ban musa mashi ba. Amma jan shekaru ba ya maganin wannan. Yaron da ya ga ba ranar fita shi ne ke gudu da rabin sani, ya je ya yi aikin banza da araha ya ɓata wa kowa kasuwa, ko ya jefar da sana'ar ya hau kabu-kabu, ko ya nufi Jado ko Libiya. Yarjejeniya a rubuce tana kare maigida kamar yadda take kare yaro. In an ce shekara uku, to shekara uku ce, uba ya sa hannu, yaro ba ya tashi ran da ya ga dama. Ƙarfen koyo da ladan koyarwa kuwa, don irin su aka kafa asusun da na ambata. Malamin lakwal ana biyan shi. Maigidan da ya yaye yaro goma me ya sa shi ba za a ba shi komai ba?

Wasu kuma za su ce ana fama da 'yan bindiga a bakin iyaka, wa ke ta walda? Mutanen gundumar Gidan Rumji sun fi kowa sanin zafin wannan. Tun 2019 suke karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Cikinsu akwai samari da gonarsu ta zama kufai, ga na gida su ma gona ta yi masu kaɗan, don gado ana ta raba shi har ya koma taki goma. Saurayin da ba gona, ba lakwal, ba sana'a, kowa ya san masu neman irinshi. Ni a ganina rumfar walda mai tsari tana cikin aikin tsaro.

To me muke nema? Abu biyar ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin gunduma.

Na farko, takarda. Shafi ɗaya tak, da Hausa, boko ko ajami, a gaban mai gari ko a ofishin magajin gari. A rubuta ranar shiga da ranar yaye, abin da yaro zai iya a ƙarshen kowace shekara, lokacin tashi daga aiki, abinci, da wanda zai ɗauki magani in ya ji ciwo. Wanda bai kai 14 ba a mai da shi aji.

Na biyu, awo. Cibiyoyin CFM da CET su buɗe ƙofa ga yaran rumfa yamma biyu a mako. A koya masu lissafin ɗigo, karanta zane, riƙe ma'auni, sanin irin ƙarfe da irin bageti. Da Hausa za a yi, kada a ce sai wanda ya iya Faransanci. 'Yan mata ma a ba su wuri, don ma'auni bai san namiji ko mace ba.

Na uku, tur. Injin nan yana da tsada, yana son wuta mai layi uku ta bolt 380, maigida ɗaya ba zai iya ba. Amma Agye da Gazawa da Gidan Rumji kowace ta samu ɗaki ɗaya na haɗin gwiwa, da tur da injin huda da kayan yanka zare, ƙungiyar masu sana'a ta riƙe shi tare da makarantar fasaha, mai aiki ya biya kuɗin awa, aparanti ya koya a nan. Abin takaici ne a ce babban layin wuta mai kilobolt 132 da ke tasowa daga Katsina a Gazawa yake sauka kafin ya rabu zuwa Maradi da Damagaram, amma mai walda a ƙauyukan da ke ƙarƙashin wayar yana ƙona man gurup. Mun kuma ga abin da ya faru da aka yanke wutar Najeriya a watan Agustan 2023, rumfuna suka yi tsit. Don haka a haɗa ɗakin da hasken rana tun daga farko.

Na huɗu, kariya. Hukumomi su ne manyan masu sayen aikin ƙarfe a karkara: bencin makaranta, ƙofofin aji, gadajen asibiti, rumfunan kasuwa. A sa sharaɗi, duk rumfar da ke son wannan kwangila ta nuna takardun yaranta, ta nuna garkuwar fuska da safar hannu da takalmi na kowane yaro. Ba sabon kasafi wannan ke bukata ba, layi ɗaya ne a cikin takardar kwangila. Wanda ya bi ƙa'ida ya samu aiki, sauran za su biyo da kansu.

Na biyar, yaye na gaskiya. A ƙarshen wa'adi yaro ya yi aiki a gaban kwamitin tsofaffin masu sana'a da malamin fasaha, a auna abin da ya yi, a ba shi takardar da za a karɓa a Yamai da Agadas. Wanda ya riga ya shekara goma a sana'a shi ma a ba shi damar wannan gwaji. Sannan a taimaka mashi da kayan farawa, ko da bashi ne, don takarda ba ta liƙa ƙarfe.

Yanzu sai mu, masu difloma, masu waya a hannu. Mu ne muke cewa "ya kasa lakwal, an kai shi walda", kamar wurin zubar da shara ne. Mu ne in za mu sa ƙofa sai mu yi ciniki har mu tsotse ladan maigida, sannan mu yi mamakin don me bai saya wa yara gilashi ba. Da yawanmu muna zaune a fada muna jiran sakamakon konkur shekara da shekaru, alhali yaron da muke rainawa shi ke sayen hatsin gidansu. Akwai abin da za mu iya tun wannan mako, ba sai minista ya sa hannu ba. Kowace fada ta zaɓi rumfa ɗaya a unguwarta. A je a gaida maigida da ladabi, kada a je mashi da wa'azi. A haɗa kuɗin shayin sati ɗaya a sayi garkuwar fuska ɗaya ko biyu, a ce ta ƙaramin cikinsu ce. Wanda ya yi lissafi ko fasaha a cikinmu ya ba da awa biyu ranar Jumma'a ko Lahadi, ya koya masu milimita da ɗigo. Wanda ya yi shari'a ya rubuta samfurin yarjejeniyar da Hausa mai sauƙi, mu yaɗa ta. Masu zuwa gida hutu a Gangara ko Saye Sabuwa ko Cadawa su leƙa cibiyar CFM ta garinsu, su ga injunan da ke ciki, wane ke aiki, wane ke jiran wuta, yara nawa ke zuwa, su kai maganar gaban hukumar garin a rubuce. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 babu kansilan da za ka tare a hanya, don haka takarda da haƙurin bibiya su ne makaminmu.

Ku kuma iyaye, in kun kai yaro kada ku ce "ga amana" ku juya baya sai shekara ta zagayo. Ku tambayi yaushe zai gama. Ku dubi idonshi da safe. Ku tambaye shi me ya koya wannan wata.

Kai kuma ƙanena sabon aparanti, in wani ya karanta maka wannan, ka riƙe abu uku. Kada ka kalli wuta da ido tsirara ko wa ya ce ka yi. Ka tara kuɗi ka sayi mita da ma'auni naka na kanka, ka rinƙa auna duk abin da ya shigo hannunka kana rubutawa. Ka girmama maigidanka, ka kuma yawaita tambaya, don mai tambaya ba ya ɓata. Sana'ar da ka kama babba ce, gari ba ya zaunuwa sai da maƙeri.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kuma kowace shekara wasu dubbai za a kamo hannunsu a kai rumfa. Ko mu gyara masu hanyar shiga yanzu, ko nan da shekara goma mu samu ƙarin masu liƙa ƙofa da raunin ido, muna ci gaba da aika sandar injin niƙa Kano.

Allah ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya tsare yaranmu, ya zaunar da Nijar lafiya.